Neman takarda cikin Vim

Mai karatu, a ce kai ne magatakardan ƙungiyar manoman wake a Matankari ko a Koré Maïroua. Sunayen waɗanda suka ɗauki bashin iri suna cikin kwamfuta, wadda wasu ke ce ma ordinatar. Ga shugaba tsaye bisa kanka, yana son lissafi kafin ya kama hanyar Dogonduci. Ina takardar take?

Akwai wani allon rubutu na kwamfuta mai suna Vim. Bram Moolenaar, mutumin Holan, shi ya fito da shi a 1991, ya kuma rasu a 2023. Kyauta ne, ba a saye. Ba shi da ado, amma ko tsohuwar na'ura tana ɗaukarsa.

Da farko ka taɓa Esc. Wannan yana nufin ka aje alƙalami, za ka ba da umurni. Kowane umurni, ka bi shi da Enter. In ka san sunan takardar, sai ka rubuta :e bashi.txt, ta buɗe.

To in ka mance sunan fa? Kar ka rufe Vim. Rubuta :!ls in na'urarka Linux gare ta, ko :!dir in Windows ce. Alamar ! kamar leƙawa ce ta taga: ka aiki na'ura, ta jero maka sunayen takardu duka, ka taɓa Enter, ka koma inda kake. Tun 2018 ma akwai :terminal, mai raba allo biyu, aike a sama, rubutu a ƙasa.

A Linux, tagar nan tana ƙidaya. In kowane mai bashi layi guda gare shi, rubuta :!wc -l % sai ta faɗa maka yawan layukan. Shugaba ya samu amsarsa ke nan.

Ga inda mutane ke kuka. In ka ƙara sunaye ba ka adana ba, sannan ka ce :e wata takarda, Vim zai ƙi. Gaskiyarsa. Mai gaggawa sai ya sa :e! don tilas, sunayen da ya ƙara su ɓace. Ranar biya kuwa, wanda babu sunansa zai ce bai ɗauki ko tiya ɗaya ba. Saboda haka :w tukuna, shi ne adanawa. Ka riƙa yin sa bayan kowane suna, tun da wuta ba ta sallama in za ta ɗauke.

Aiki: buɗe takarda, rubuta sunayen garuruwa 5 na Arewa, adana, sannan ka sa na'ura ta ƙidaya su.