Amsar Tambaya: Waƙa tawa, kuɗi nasa

Malam, na rera waƙa a wani situdiyo a Jimeta. Mai situdiyon ya ɗora ta a YouTube yana karɓar kuɗi, ko sisi bai ba ni ba. Yaya zan yi?
Wani matashi, Mbamba, Yola

Ɗana, kwantar da hankalinka. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, baitukan naka ne, ba sa zama nasa sai ka sallama a rubuce. Amma idan shi ya ɗauki nauyin naɗar sautin, yana da haƙƙi a kan sautin.

Adana littafin baitukanka da saƙonninku na WhatsApp. Ku zauna gaban manyan sana'ar, a rubuta kason kowa. In ya ƙi, kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa (NCC), ko ka nemi lauya; irin wannan shari'a ta Babbar Kotun Tarayya ce, akwai ta a Yola. Kada ka zage shi a Facebook, don kada ya riga ka zuwa kotu.