Alwala Da Ciwon Farcen Ƙafa

Ya 'yan'uwa, masu wuni a tsaye cikin rufaffen takalmi su suka fi fama da farce mai kauri, mai marmashewa. Ƙwayar cutar danshi take so. Saboda haka, in kun yi alwala ku tsane tsakanin yatsu kafin ku mayar da safa, domin Imamu Malik bai ga laifin goge ruwan alwala ba. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa kada farce ya wuce kwana 40 ba a yanke ba, amma kowa da rezarsa. Man shafawa ba kasafai yake ratsa farce ba. Likita kan rubuta Terbinafine na wata 3, sabon farce kuwa sai kamar shekara guda. Mai ciwon sukari kada ya jinkirta zuwa asibiti. Allah Ya ba mu lafiya, amin.