KIWON KYANWA DA KARE: DARASI GA MAI AIKI DA KARATU



Idan kaka ta wuce, hatsi da wake sun shiga rumbu, a sa'an nan ne azuzuwan yaƙi da jahilci suke buɗewa a ƙasar Tasawa da ta Mayahi. A sa'an nan ne kuma kusu, wato ɓera, yake barin gona ya dawo gida. Saboda haka mutane da dama sukan roƙi ɗan kyanwa wurin maƙwabci domin tsaron rumbu, wasu kuma su ɗauko ɗan kwikwiyo domin tsaron garke.

Wannan dabara ce mai kyau. Amma ɗalibin yaƙi da jahilci mutum ne mai hidima da yawa. Da safe yana kasuwa, ko garka, ko wurin sana'a. Mace tana daka, tana ɗiban ruwa, tana suyar ƙosai. Da la'asar ko bayan isha'i kuma ga karatu. Dabbar da aka kawo gida ita ma tana da nata rabo cikin wannan lokaci. Darasinmu na yau shi ne: a lissafa lokaci da abinci kafin a ɗauko dabba, in an ɗauko kuma a yi mata allurar rigakafi. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Amfanin da suke yi mana

Kusu ƙaramar halitta ce, amma ɓarnarsa babba ce. Cikin macen kusu mako 3 ne kawai, kuma takan haifi 'ya'ya da yawa a ciki guda. Abin da kusu ya ci kaɗan ne bisa ga abin da ya ɓata da kashi da fitsari. Tun shekarar 2007 manoman jihar Maraɗi suka fara aiki da buhu mai ninki 3, wanda ake kira PICS, domin ajiyar wake ba tare da magani ba. Asirin buhun shi ne iska ba ta shiga, sai ƙwarin da ke ciki su mutu. Idan kusu ya huda shi, iska ta shiga, amfaninsa ya ƙare. Kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa ko mage, ita ce mai gadin wannan buhu.

Kare kuma yana tsaron awaki da tumaki, yana tsaron garka, yana tada mai gida in ya ji motsi da dare. Malamanmu sun karantar da mu cewa addini ya yarda a ajiye kare domin tsaron gona, da tsaron bisashe, da farauta. Sun kuma ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ashe dabbar da ke hannunmu amana ce.

Tambayoyi 4 kafin a ɗauko

1. Wa zai ba ta abinci da ruwa sa'ad da nake wurin aiki ko cikin aji?
2. Abincin gidana yana raguwa har a ba dabba, ko kuwa yara ma da ƙyar suke ƙoshi?
3. Idan na tafi cin rani, ko na tare a gona da damina, hannun wa zan bar ta?
4. Zan iya kai ta wurin malamin dabbobi, in biya kuɗin allura?

Wanda ya rasa amsar ɗaya daga cikin waɗannan, ya dakata tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kyanwa ko kare mai samun kulawa yakan kai shekara 10, har ya wuce. Karatunmu na 'yan watanni ne a shekara, amma hidimar dabba ta kullum ce.

Ga mai aiki da karatu, kyanwa ta fi sauƙi. Tana wanke jikinta da kanta, tana rufe kashinta, ba ta cin abinci mai yawa. Kare yana bukatar abinci mai yawa, da horo, da wanda zai sa masa ido.

Yadda ake zaɓa

Kada a raba ɗan kyanwa ko ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Wanda aka raba da nono da wuri yakan yi zawo, ya rame, ya hana mai gida barci da kuka.

A ɗauko daga gidan da aka sani, inda aka ga uwar da ido. A duba idanunsa ba su zubar da ruwa, hancinsa ba majina, fatarsa ba ƙuraje, yana wasa yana cin abinci. Kada a tsinci ɗan kwikwiyo a bakin kasuwa ko a gefen hanya a kai wa yara. Ba a san abin da ya cije shi ba, ba a kuma san abin da ya kashe uwarsa ba.

A zaɓi ranar da babu aji, babu kasuwa, a kawo shi gida. A ajiye shi a ɗaki guda ko zaure na 'yan kwanaki har ya saba. A zuba wa ɗan kyanwa rairayi cikin tsohuwar tasa, nan zai riƙa yin kashi.

Rabon lokaci

Hidimar dabba ba ta cin lokaci mai yawa idan an tsara ta. Ga misali:

Bayan sallar asuba: a wanke kaskon ruwa, a zuba sabo, a ba da abinci, a share kashi a binne. Minti 10 sun isa.

Kafin a fita aiki: a tabbata akwai inuwa. A watannin Afirilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Karen da aka ɗaure a rana ba ruwa yana iya mutuwa kafin azahar.

Da rana: ƙaramin kwikwiyo da ɗan kyanwa suna cin abinci sau 3 ko 4 a yini. A sa yaro mai hankali ko wani na gida ya ba su na tsakar rana. Babba sau 2 ya ishe shi.

Kafin a tafi aji: a ƙara ruwa, a ba da abincin yamma.

Ranar hutu: a duba kunnuwa da tsakanin yatsu, a cire kaska, a wanke wurin kwanciya saboda ƙuma.

A faɗi sunan mai kowane aiki a gaban kowa. Aikin da aka bar wa kowa, ba mai yin sa.

Abinci da magani

Wasu suna cewa kyanwa ba ta kamun kusu sai da yunwa. Wannan kuskure ne. Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi tana yi. Mai yunwa ita ce ke buɗe tukunya, ta kama 'yan tsaki, ta jawo faɗa da maƙwabta. Tuwo shi kaɗai ba ya riƙe kyanwa, domin jikinta na nama ne. A haɗa mata da guntun nama, ko kifi, ko ƙwai dafaffe.

Ga abubuwan da za a kiyaye:

1. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da kyanwa. Kada a ba su miyar da suka yi yawa a ciki.
2. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji.
3. Kada a jefa wa kare ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa, irin wanda ake yarwa a mahauta. Daga nan yake ɗaukar tsutsar ciki, ƙwanta su fito cikin kashinsa, su kama mutane da tumaki.
4. Ƙwayar parasitamol tana kashe kyanwa. Kada a ba dabba maganin mutum.
5. Kada a shafa wa dabba maganin ƙwari na gona domin kaska ko ƙuma. Guba ce gare ta da yaran da ke taɓa ta.
6. Gidan da ke da kyanwa ba a sa maganin kusu. In ta ci kusun da ya ci guba, ita ma ta sha guba.

A nemi maganin tsutsar ciki wurin malamin dabbobi wata 3 wata 3. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, domin akwai wata cuta a ciki da ke iya taɓa ɗan da take ɗauke da shi. Kowa ya taɓa dabba ya wanke hannu da sabuni kafin ya ci abinci.

Ciwon haukan kare

Nan ne maganar ta fi nauyi. Ciwon haukan kare yana cikin miyau. Yana shiga jikin mutum ta cizo, ko yaƙushi, ko lasar miki. Kyanwa ma tana kamuwa, haka jaki da saniya da akuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin mutum 100 da suka kamu, har 99 ta kare ne suka samu. Cikin mamata 10, kamar 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ciwon yana da ɓoyo. Mikin yakan warke, mutum ya manta. Bayan wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara, sai alamu su fito: zazzaɓi, ruɗewa, tsoron ruwa. Idan alamu suka fito, mutuwa ce ke biyo baya, asibiti ba ya da maganin da zai tsai da shi. Amma kafin su fito allura tana hana shi. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Luwi Fasto shi ne ya fara yi wa mutum wannan allura a watan Yuli na 1885. Yaro ne ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, ya kuwa rayu. Ranar 28 ga Satumba, ranar rasuwar Fasto, ita ce aka keɓe domin faɗakarwa a kan wannan ciwo.

Ana yi wa kare da kyanwa allura idan sun cika wata 3, a sake ta lokacin da malamin dabbobi ya faɗa, galibi shekara shekara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. A tambayi ma'aikatar kiwo ta Tasawa ko ta Mayahi, ko malamin dabbobi mafi kusa, inda ake samun allurar.

Alamun dabbar da ta kamu su ne: sakewar hali, dalalar miyau, cizon duk abin da ta gani, sakewar murya, ko shanyewar ƙafafu. Kada a sa hannu cikin bakinta a ce ƙashi ne ya maƙale.

Idan cizo ya auku

1. A wanke mikin nan take da sabuni da ruwa mai yawa, har minti 15. A duba agogo, domin minti 15 suna da tsawo.
2. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen. Kada a ɗaure mikin tam.
3. A tafi gidan likita a ranar, ko da mikin ƙarami ne. In babu allurar a nan, a nemi takardar zuwa asibitin da ke da ita, ko da Maraɗi ne ko Damagaram.
4. Allurar ba guda ba ce. Ana komawa sau 3 zuwa 5. Kada a bar ko ɗaya.
5. Idan karen na gida ne, a tsare shi kwana 10, ko iyakar kwanakin da malamin dabbobi ya yanke, ana ba shi abinci ana lura da shi. Amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura.

Mu gaya wa yaranmu su faɗa mana ko yaƙushi ne suka samu, ba za a buge su ba. Yaron da ke tsoron duka yakan ɓoye cizo.

Amfanin alƙalami

A nan ne karatunmu yake biyan bukata. Kowane ɗalibi ya keɓe shafi guda a ƙarshen littafinsa na rubutu. Ya rubuta ranar da dabbar ta zo gida, da ranar allura, da ranar da za a sake ta, da ranar maganin tsutsa. Idan karensa ya ciji ɗan maƙwabci, wannan shafi da takardar allura su ne shaidarsa a gaban mai gari da likita.

Ya rubuta ranar barbara kuma. Cikin kyanwa da na karya duka kamar mako 9 ne, kyanwa kuwa takan haihu sau 2 ko 3 a shekara. Tun kafin haihuwa a nemi gidajen da za su karɓi 'ya'yan. 'Ya'yan da aka zubar a bayan gari su ne suke zama karnukan da ba su da mai su, ba allura, kuma su ne suke dawowa su ciji yaranmu a hanyar rijiya. Mai namijin da ba ya son yawo ya shawarci malamin dabbobi a kan fiɗiya.

Aikin aji

1. Mako nawa ɗan kyanwa zai yi kafin a raba shi da uwarsa?
2. Minti nawa ake wanke mikin cizo?
3. An haifi kwikwiyo ranar 1 ga Janairu. A wane wata za a yi masa allura?
4. A unguwarku akwai karnuka 30. Guda nawa ya kamata a yi wa allura domin a kai 7 cikin 10?
5. Ku ƙidaya karnukan unguwarku, ku rubuta adadin, ku kawo wa malaminku. Shi zai haɗa na aji duka, a kai wa mai gari da malamin dabbobi.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da bisashenmu, ya sa albarka a karatunmu. Amin.