Kare da Kaji a Gida Ɗaya

'Yan'uwa mazauna Greensboro, wasunmu na kiwon kaji a bayan gida, ga kuma kare, namu ko na maƙwabci. Kare mafarauci ne: kaza na rugawa, zai bi ta. Mu kewaye akurki da ragar waya, mu saba masa da kajin sannu-sannu yana ɗaure.

Kada mu bari ya ci kashin kaji. Akan samu ƙwayar salmonela a ciki, ya kwaso mana ita cikin gida, yara su kamu da gudawa da zazzaɓi. Yaran da ba su kai shekara 5 ba kada su taɓa kaji, mu kuma mu wanke hannu da sabulu.

Dokar jihar North Carolina ta wajabta allurar ciwon hauka ga karen da ya haura wata 4. Allah Ya tsare.