Laolu Akins: Daga Kan Ganga Zuwa Kujerar Furodusa

Gabatarwa

A darasinmu na fassara an ba mu wani ɗan guntun labari na Turanci a kan Laolu Akins, aka ce mu mayar da shi Hausa. Na rubuta cewa shi "furodusa ne", na miƙa takarda ina jin na gama. Da ta dawo sai na ga malam ya ja layi a ƙarƙashin kalmar, ya tambaya ko Bahaushen da ya saba kallon finafinan Kano zai fahimci aikin da mutumin yake yi. Wannan tambaya ce ta sa na bi tarihinsa, kuma abin da na samu shi ne nake son in kawo wa 'yan uwana ɗalibai a wannan maƙala.

Makaɗin Rok

Cikakken sunansa Laolu Akintobi, kuma da ganga ya fara, irin jerin gangunan Turawa da ake kaɗawa da sanduna biyu da ƙafa. A farkon shekarun 1970 samarin Legas sun rungumi kiɗan rok, wato kiɗan da jita mai aiki da lantarki take jagoranta. A lokacin ne Ginger Baker, Baturen Ingila da ya yi suna a matsayin makaɗin ganga na ƙungiyar Cream, ya zo Legas, har ya yi faifai tare da Fela a 1971. Baker ya kafa wata ƙungiya mai suna Salt, ya ɗauki Akins da abokansa biyu, Berkley Jones da Mike Odumosu, suka zaga Turai da Amurka suna wasa.

Bayan sun dawo gida, su ukun suka kafa tasu ƙungiyar a 1972. Sun haɗa haruffan farko na Berkley da Laolu da Odumosu, suka kira ta BLO. Faifansu na farko, Chapter One, ya fito a 1973 a ƙarƙashin kamfanin EMI. Mutum uku kacal: jita, da jita mai babbar murya, da ganguna. Wanda ya saurare shi zai ji rok ne, amma gangar Akins ba ta bar tafiyar kiɗan gida ba. Daga baya Odumosu ya koma ƙungiyar Osibisa, wasu suka maye gurbinsa.

Aikin Furodusa

A nan matsalar fassarata take. A harkar fim ɗin Hausa, idan aka ce furodusa, mutane sukan fahimci wanda ya zuba kuɗi ko ya ɗauki nauyin shirin. A harkar faifan kiɗa kuwa, aikinsa ya fi kama da na darakta. Shi yake zama da mawaƙi su zaɓi waƙoƙin da za a ɗauka, shi yake cewa a ƙara sauri ko a rage, a shigo da wannan kayan kiɗa a cire wancan, a sake ɗauka idan bai gamsu ba. Muryarsa ba ta fitowa a faifan, sunansa kuma a bayan kwali yake da ƙananan haruffa.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne faifan Ace na Shina Peters, wanda kamfanin CBS ya fitar a 1989, Akins ne furodusansa. Kiɗan juju ya daɗe a ƙasar Yarabawa, kuma manya irin su Ebenezer Obey da Sunny Ade sun riga sun mamaye shi. A Ace sai aka ji juju mai sauri, ganguna sun matso gaba irin na fuji, ga kayan kiɗan zamani a ciki. Aka kira salon Afro-juju, ya kuma shiga gidajen bikin da ba a jin Yarabanci. A ganina ba abin mamaki ba ne a ce makaɗin ganga ne ya zauna a kan wannan aiki, don inda faifan ya bambanta da na gabansa a ganga ne. Akins ya kuma yi aiki da Adewale Ayuba, mawaƙin fuji, a faifan Bubble na 1991.

Komawa Ga Fassara

Kalmar "makaɗi" ma tana da nata tarko. A Hausa akan kira Mamman Shata makaɗi, alhali shi waƙa yake yi, yaransa ne suke kaɗa kalangu. Saboda haka idan na ce Akins makaɗi ne na yi shiru, mai karatu zai iya ɗauka shi ne jagoran waƙa. Dole in ce "makaɗin ganga".

Ga furodusa kuwa, na gwada "mai shirya faifai", sai wani ɗan ajinmu ya ce hakan ya yi kama da mai kamfani. Na gwada "mai tsara kiɗa", amma wannan ya bar zaɓen waƙa da kula da ɗaukar murya a waje. A ƙarshe na bar kalmar aro yadda take, na ƙara mata bayani a inda ta fara fitowa: "furodusa, wato wanda yake jagorantar ɗaukar waƙa a situdiyo". Malam ya karɓa, amma ya rage mini maki ɗaya saboda tsawon jimlar.