Lissafin Nisa da Lokaci a Tafiyar Jirgin Sama

Wanda ya bi hanyar Samaru zuwa Sabon Gari yakan ga ƙananan jirage suna shawagi a kan Palladan, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take tun 1964. Kafin ɗalibin wannan kwaleji ya tashi, wajibi ne ya amsa tambayoyi uku: mene ne nisan tafiyar, awa nawa za ta ci, kuma man da ke cikin tanki zai isa? Kuskure a nan yana iya jawo asarar rai.

Yadda Ake Auna Nisa

Kasancewar duniya dunƙulalliya ce, miƙaƙƙen layi a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira ba lallai ne ya zama hanya mafi kusa ba. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne. Idan aka raba shi gida 360, kowane digiri ɗaya zai ba da kimanin kilomita 111. Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Jidda akwai kusan digiri 31 a bayan ƙasa, wato kimanin kilomita 3,400 ke nan.

Yadda Ake Gano Lokaci

Ƙa'idar ita ce a raba nisa da gudu. Babban jirgin fasinja yakan yi kimanin kilomita 850 a awa ɗaya. Idan aka raba 3,400 da 850, za a sami awa 4. Sai a ƙara kamar rabin awa saboda tashi da sauka, lokacin da jirgi ba ya cikakken gudunsa.

Iska ma tana da nata tasirin. Alal misali, idan iska mai gudun kilomita 50 a awa ta tari jirgin ta gaba, gudunsa zai koma 800, tafiyar ta zama awa 4 da minti 15. Idan ta bayansa take turo shi, gudun zai kai 900, tafiyar ta ragu zuwa awa 3 da minti 47. Wannan ne ya sa doka ta tilasta wa kowane jirgi ɗaukar rarar mai. Haka kuma hanya kanta takan canja: a 2023, da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan, dole jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye, nisa da kuɗin mai suka ƙaru.

Bambancin Agogo

Agogon Saudiyya ya riga na Nijeriya da awa 2. Alhajin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare, ya yi awa huɗu da rabi a sama, zai tarar ƙarfe 4:30 na asuba ne a Jidda, alhali agogon hannunsa yana nuna 2:30. In bai gyara shi ba, sallar asuba tana iya kuɓuce masa.

Aikin Aji

Malami ya kawo taswirar duniya mai siffar ƙwallo da zare. Ɗalibai su ja zaren daga Kano zuwa Jidda, sannan su ɗora tsawonsa a kan layin da ya raba duniya biyu, su ƙirga digiri, su ninka da 111. Daga nan su amsa wannan tambaya: jirgin da ya bar Jidda ƙarfe 10 na dare agogon can, ƙarfe nawa zai sauka a Kano?