DARASI NA 14: MATASA DA NEMAN AIKIN YI A NIJERIYA

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
1. bayyana ma'anar rashin aikin yi da dalilansa;
2. kawo wasu shirye-shiryen da gwamnati ta yi domin sama wa matasa aiki;
3. gina sunayen masu sana'a da na wuraren sana'a;
4. amfani da karin magana a cikin jimla.

A. Karatu

Kowace shekara dubban matasa suna kammala karatu a jami'o'i da kwalejojin Nijeriya. Daga nan sai su tafi aikin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro a 1973. Shekara guda suna karɓar alawus duk wata. Ranar da aka miƙa musu takardar sallama, ranar ce alawus yake tsayawa. Wasu sukan yi sa'a su sami aiki nan da nan. Da yawa kuwa sukan koma gidan iyayensu, su shiga yawo ofis-ofis da takardu a hannu, har takalmi ya tsinke.

Wanda ake kira marar aikin yi shi ne mutumin da ya kai shekarun aiki, yana da ƙarfin yi, yana kuma nema, amma bai samu ba. Ɗalibin da yake makaranta ba ya cikin wannan lissafi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ita ce take auna yawan marasa aiki. A ƙarshen 2020 ta ce sun kai kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki, kuma a tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 34 adadin ya kai kashi 42.5. A 2023 hukumar ta sauya hanyar awo. A da, wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba, marar aiki ne. A sabon tsari, wanda ya yi aikin samun kuɗi na sa'a ɗaya a mako, mai aiki ne. Saboda haka adadin ya sauko zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Ma'auni ne ya sauya, amma halin da matasa suke ciki yana nan. Mafi yawan waɗanda aka lissafa a cikin masu aiki 'yan buga-buga ne, abin da suke samu da ƙyar yake kai su ƙarshen mako.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne yawan jama'a. 'Yan Nijeriya sun haura miliyan 200, kuma fiye da rabinsu ba su kai shekara 25 ba. Masu shigowa neman aiki sun fi guraben da ake buɗewa yawa. Na biyu shi ne durƙushewar masana'antu. A unguwar Kakuri ta Kaduna, masaƙa ta farko ta soma aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har masaƙu suka riƙa ɗaukar dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan. Ƙarancin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa daga waje suka karya su. Babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007. Irin wannan ya faru da kamfanoni da dama a Kano da Ikeja da Aba. Na uku shi ne karatun da ba ya tafe da sana'a. Yaro yakan gama makaranta da takarda mai kyau, amma hannunsa bai iya komai ba. Na huɗu shi ne rashin jari. Banki ba ya ba da rance sai da jingina, matashi kuwa ba shi da gida ko fili da zai jinginar.

Zaman kashe wando ba ya haifar da ɗa mai ido. Matashin da ya rasa abin yi shi ne 'yan siyasa sukan ɗauka bangar siyasa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wani yakan faɗa shaye-shaye ko damfara ta intanet. Wani kuma yakan sayar da gonar gado, ya bi ta Agadas ya ratsa hamada zuwa Libiya, da fatan tsallaka teku zuwa Turai. Da yawa ba su kai ba, ba su kuma dawo ba.

Gwamnatoci sun daɗe suna neman maganin wannan matsala. A 1986, lokacin da farashin man fetur ya faɗi kuma aka rage ma'aikata, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NDE. Aikinta shi ne tura matasa wurin gwanayen sana'a su koyi ɗinki da walda da kafinta da gyaran mota da sauransu. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɓullo da gasar YouWiN. Matashi yakan rubuta tsarin kasuwancin da yake son yi, in ya ci, a ba shi kyautar jari daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 10. Mutum 1,200 ne suka ci a zagaye na farko. A 2012 aka shigar da koyon sana'a cikin aikin yi wa ƙasa hidima.

A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da N-Power. An ɗauki matasa 200,000 a rukuni na farko, sannan 300,000 a na biyu. Aka tura su koyarwa a makarantu, da taimakawa a asibitoci, da wayar da kan manoma, ana biyan kowane naira 30,000 a wata. A tsakiyar 2020 aka sallami rukunonin biyu. A farkon 2021 kuma aka soma wani shiri na ɗaukar mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, wato 774,000 ke nan, su yi aikin wata uku a kan naira 20,000 a wata. A 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta kawo shirin 3MTT, da nufin koya wa mutum miliyan 3 fasahar kwamfuta.

Idan muka duba da kyau, za mu ga shirye-shiryen nan iri biyu ne. Akwai mai ba da alawus na ɗan lokaci, akwai mai ba da sana'a ko jari. Na farko yana da amfaninsa: yana share hawaye, yana sa abinci a tukunya, wasu ma sun tara jari daga cikinsa. Sai dai in wa'adi ya cika, wanda bai yi tanadi ba yakan koma inda ya fito. Na biyu ya fi jinkirin nuna amfani, amma abin da ya bari a hannun matashi ba ya ƙarewa da ƙarewar shiri. Don haka, in ana son a auna kowane shiri, sai a tambaya: ranar da aka daina biya, me ya rage a hannun matashin? Ban da wannan, masu lura da al'amura sukan koka da cewa kowace gwamnati takan zo da nata shirin ta bar na baya, kuma son kai yakan shiga wajen zaɓen waɗanda za su amfana. Haka nan wanda ya koyi walda ba zai ci moriyarta ba in babu wuta.

Tun kafin gwamnati ta sa hannu, al'ummomin Nijeriya suna da hanyoyinsu na koyar da sana'a. A ƙasar Ibo, yaro yakan zauna da ubangidansa shekaru yana koyon kasuwanci, a ƙarshe a sallame shi da jari. Wannan tsari ya taimaka wajen bunƙasa kasuwannin Onica da Nnewi. A ƙasar Yarbawa akan yi bikin yaye ɗan koyo ranar da ya ƙware. A ƙasar Hausa, ƙira da jima da rini da saƙa gado ne, ɗa yana koya a gaban ubansa, kamar yadda ake gani har yau a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Shirin gwamnati yakan fi ƙarko in ya ginu a kan irin wannan tushe.

Samar da wuta da tsaro da hanyoyi hakki ne a kan gwamnati, kuma daidai ne talaka ya nemi hakkinsa. Amma kai ɗalibi, kada ka jira sai ka karɓi takardar sallama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka riƙe karatu da kyau, ka kuma yi amfani da hutun makaranta ka koyi wata sana'a. Harshen Hausa da kake koyo ma jari ne, domin da shi za ka yi ciniki daga Kantin Kwari na Kano har zuwa Yamai. Shiri yakan zo ya wuce, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

B. Tattaunawa

Wani saurayi ya ziyarci kawunsa, wanda maɗinki ne. Ku karanta bibbiyu.

Saurayi: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Kawu.
Kawu: Wa alaikumus salam. Yauwa, sannu ɗana. Yaya mutanen gida?
Saurayi: Lafiya lau, suna gaishe ka.
Kawu: Ina amsawa. An dace da aikin kuwa?
Saurayi: Tukuna dai, Kawu. Na cike takardu har na gaji.
Kawu: Allah ya kawo mai albarka. To, kafin ya zo, me kake yi?
Saurayi: Babu komai, sai jira.
Kawu: Ai jira ba sana'a ba ce. Ga keke can babu kowa a kansa. Ka riƙa zuwa da safe.
Saurayi: Kawu, da digirina zan zauna ɗinki?
Kawu: Digirin zai hana allura shiga yadi ne? Kai da ka iya lissafi da waya, kai za ka nemo mana masu saye a intanet.
Saurayi: Gaskiya ne. In Allah ya yarda gobe da sassafe ina nan.
Kawu: Madalla. Allah ya yi maka albarka.

C. Ma'anar Kalmomi

alawus: ɗan kuɗin da ake biyan mutum wanda bai kai albashi ba
gurbi (jam'i: gurabe): wurin aiki da babu kowa a kai
jari: kuɗi ko kayan da ake soma kasuwanci da su
jingina: kadarar da ake ajiyewa kafin a karɓi rance
fasa-ƙwauri: shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya
buga-buga: ƙananan ayyuka marasa tabbas
zaman kashe wando: zama babu aikin yi
bangar siyasa: tayar da hankali domin wani ɗan siyasa
wa'adi: lokacin da aka yanka wa abu
ƙarko: daɗewa ba tare da lalacewa ba

D. Nahawu: Ɗafa-goshin "ma-"

Hausa takan liƙa "ma-" a gaban aikatau domin ta samar da sunan mai yin aiki. Ƙarshen kalma shi yake nuna jinsi da adadi.

ɗinka: maɗinki (namiji), maɗinkiya (mace), maɗinka (jam'i)
noma: manomi, manomiya, manoma
saƙa: masaƙi, masaƙiya, masaƙa
aikata: ma'aikaci, ma'aikaciya, ma'aikata

A lura cewa "t" takan koma "c" a gaban wasalin "i". Shi ya sa muke cewa ma'aikaci.

Da wannan ɗafa-goshi kuma ake gina sunan wurin da ake yin aiki: maƙera (wurin ƙira), marina (wurin rini), majema (wurin jima), masaƙa (wurin saƙa). A rubuce, sunan wuri yakan yi kama da jam'in masu aiki. Karin sauti da ma'anar jimla su suke bambanta su:

Maƙera sun tafi kasuwa. (mutane)
Na kai fartanya maƙera. (wuri)

E. Tambayoyi

1. Wane ne marar aikin yi?
2. Me ya sa adadin marasa aiki ya sauko a 2023?
3. Kawo dalilai uku na rashin aikin yi.
4. A wace shekara aka kafa NDE, kuma mene ne aikinta?
5. Matasa nawa aka ɗauka a rukunoni biyu na farko na N-Power?
6. Mene ne bambanci tsakanin shirin alawus da shirin sana'a?
7. Kawo namiji da mace da jam'i na mai yin waɗannan: gina, rubuta, karanta.
8. Bayyana ma'anar waɗannan, ka sa kowanne a jimla:
(a) Ruwa ba ya tsami banza.
(b) Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.
(c) bai taka kara ya karya ba

F. Aikin Aji

Ku kasu gida biyu ku yi muhawara a kan wannan batu: "Koyar da sana'a ya fi biyan alawus amfani ga matasa."

G. Aikin Gida

Ziyarci wani mai sana'a a unguwarku. Tambaye shi yadda ya koya, da shekarun da ya yi yana koyo, da inda ya sami jari. Rubuta abin da ya gaya maka da Hausa a cikin jimloli 10.